Yadda ake sa wa mota botin kashe VSC ba tare da an kashe ABS ba

Duk wanda yake tuƙi a Legas da damina ya san wannan abin, ka shiga wani layi a cikin Ajah ko Ibeju-Lekki ko can ƙuryar Ikorodu inda kwalta ta ƙare, taya ta nutse a yashi ko taɓo, ka taka totur amma mota ta ƙi amsawa, inji yana ta shaƙewa kamar mai ya ƙare, ga wata 'yar fitila ruwan ɗorawa mai hoton mota da layuka biyu a karkace tana ta ƙiftawa a dashbod. Mutane da yawa sai su ce giya ce ta mutu. Ba giya ba ce. Kwamfutar birki ce ta ga taya tana juyawa a banza sai ta rage wa inji ƙarfi, ta kuma kama tayar da birki, alhali kai a lokacin so kake tayar ta ɗan yi wulwula ta watsar da taɓon ta samu ƙasa mai ƙarfi. A nan ne kawai botin kashewa yake da amfani, kuma saboda nan ne kawai nake ganin ya dace mutum ya sa shi.

Bari in fara da abin da za a taɓa ɗin, don kar mutum ya yanke waya bai san me ya yanke ba. Toyota da Lexus suna ce masa VSC, Honda VSA, Nissan VDC, Mercedes da Volkswagen ESP, BMW kuma DSC, amma aikin ɗaya ne. Akwai sensa a kowace taya mai ƙirga gudunta, akwai ta sitiyari mai gaya wa kwamfuta inda direba yake son zuwa, sannan akwai sensar juyi wadda take jin inda motar ta nufa da gaske. In ka karya kwana motar ta ƙi bi, ko bayanta ya fara ƙwacewa za ta yi katantanwa, sai famfon ABS, wato tsarin da yake hana taya kullewa in an taka birki da ƙarfi, ya kama taya ɗaya tak da birki ya dawo da motar kan layi tun kafin kai ka ankara. A 1995 ya fara fitowa, Bosch ta yi wa Mercedes, Toyota ma ta fito da nata a shekarar. Amurka ta wajabta shi a kan ƙananan motoci daga samfurin 2012, Turai kuma a kan duk sabuwar mota daga ƙarshen 2014. Cibiyar IIHS ta Amurka ta gano yana rage haɗarin mutuwa a hatsarin da mota ta kife ko ta ƙwace ita kaɗai da kusan rabi. Ka tuna yadda kwaltar gadar Third Mainland take santsi in an yi ruwan farko, ko titin Legas zuwa Ibadan da dare ga tirela a gaba, to wannan na'urar wallahi ba abin wasa ba ce. Shi ya sa duk haɗin da zan faɗa a nan sai ya cika sharaɗi biyu: ABS ya ci gaba da aiki, sannan duk lokacin da aka kashe mota aka sake tayarwa VSC ya dawo da kansa ko direba ya manta.

Mataki na farko, kuma ba ya cin ko kwabo: ka duba ko motarka tana da botin ɗin tun daga kamfani. Ka leƙa gefen hagu na sitiyari ta ƙasa, wajen gwiwarka, da kusa da giya, wasu har a cikin allon dashbod suke ɓoye shi. A yawancin Toyota in ka danna sau ɗaya TRAC kawai yake kashewa, wato mai hana taya wulwulawa, in kuma mota tana tsaye ka danne na daƙiƙa 3 ko fiye sai ya kashe har VSC. A Honda dannewa ake har ka ji ƙara. Sau tari TRAC ɗin kaɗai ya isa ya fitar da kai daga yashi. Matsalar tana ga wasu tokumbo na Amurka na tsakanin 2004 zuwa 2009 da suka zo da VSC amma ba su da botin ko kaɗan, sai dai ka ga murfin roba a gurbin da ya kamata ya zauna. Su ne wannan bayanin ya fi shafa.

Na biyu, ka tabbatar ba ciwo ne yake damun motar ba. In a kan kwalta mai kyau fitilar take ƙiftawa, ko kana cikin kwana a hankali ka ji birki yana gurnani shi kaɗai, to botin ba magani ba ne, rufe ciwo ne. Ka duba tayoyi tukuna, mu nan an saba a sayi tokumbon taya ɗaya a yau ɗaya wata mai zuwa, sai ka ga taya mai lambar faɗi 205 a gaba 215 a baya ko ma hagu da dama sun bambanta, kwamfuta kuma lissafin gudu take yi, tana ganin bambanci sai ta ɗauka santsi ne. Haka in an yi alayimen aka bar sitiyari a karkace. Sannan a Toyota in fitilar cek injin ta kama tana jawo ta VSC ita ma ta kama, lambar da take bayarwa C1201, kuma galibi daga inji matsalar take, musamman motocin da aka cire musu katalis. A irin wannan yanayin VSC ɗinka a kashe yake tuntuni ba ka sani ba. A sa sikana a soket ɗin OBD mai baki 16 da yake ƙarƙashin sitiyari, a karanta ɓangaren ABS ba inji kaɗai ba, a gyara a goge, sannan a zo maganar botin.

Akwai motocin da zan ce dan Allah kar a taɓa su sam. Duk wata hayibirid, Prius ko Camry ko Highlander mai batir, birkinsu na lantarki ne kuma hana wulwulawar yana kare motar lantarkin da take ciki. Da kuma sababbin motoci masu kamara da rada a gaba masu taka birki da kansu, waɗannan dama suna da botin ɗinsu, kuma komai nasu a ɗaure yake da juna.

Yanzu kayan aiki. Mita mai auna wuta, sifana lamba 10, sukundireba, abin ɓalle roba don kar ka karce dashbod, waya mai kaurin 0.5 zuwa 0.75 mm², dalma da ƙarfen narka ta, da robar nan da ake zura wa waya a hura mata zafi ta matse. Botin kuma wanda in ka saki yake dawowa da kansa, ba mai maƙalewa ba. In za ka bi hanya ta biyu da zan faɗa a gaba za ka ƙara rile mai ƙafa 5, wato ƙaramin makunnin da wuta ce take kunna shi, da 'yar fitilar LED ta bolt 12. Duk ana samu a kasuwar kayan mota ta Ladipo, a Owode Onirin ma haka, kuma in ka yi haƙuri ka zaga wajen masu fasa dashbod a Ladipo za ka iya samun asalin botin na kamfani mai hoton motar a jiki, ka roƙi mai shagon ya yanko maka shi da soket ɗinsa da ɗan wutsiyar waya kamar taƙi ɗaya, kar ka karɓi botin tsirara. Abu mafi muhimmanci kuma shi ne zanen wayarin na motarka, daidai shekararta da injinta. Masu wayarin na zamani da suke aiki da laftof suna da shi. Kar ka yarda da wanda ya ce "jar waya za ka yanke" don ya gani a bidiyo, kalar waya tana canzawa daga shekara zuwa shekara a mota iri ɗaya.

In ka kai wa mai wayarin ya ce maka, "Oga, ai abu ne mai sauƙi, fiyus ɗin ABS za mu sa wa makunni," ka ce masa ya bari ka gode. Hakan yana kashe ABS gaba ɗaya har da tsarin da yake raba ƙarfin birki tsakanin gaba da baya, sai tayoyin baya su riƙa kullewa da wuri, mota ta juya da kai. Haka wanda zai yanke sensar taya, wannan kuma bayan ABS har allon gudu da canjin giya yana iya rikitawa.

Kafin ka taɓa komai ka ajiye mota a wuri mai daidai, ka kashe, ka cire kan batir na nagetif, ka jira aƙalla daƙiƙa 90 kamar yadda littafin gyaran Toyota ya ce, saboda kwamfutar iyabag tana riƙe da wuta na ɗan lokaci. Mai Honda ya tabbatar yana da lambar rediyonsa kafin ya cire. Duk soket ko waya da ka gani rawaya shar a ƙarƙashin kujera ko konsol, na iyabag ne, kar ka sa masa mita, kar ka ja shi.

Hanya ta farko ita ce wadda na fi so nesa ba kusa ba, wato a yi amfani da ƙofar da kamfani ya bari. Ka ɓalle murfin robar nan na gurbin da babu komai, ka haska tocila ciki, wani lokaci za ka tarar da soket a naɗe da tef a jikin damin wayoyi yana zaune ba a jona shi da komai ba, saboda kamfani dami ɗaya yake yi wa mota mai botin da marar botin. In ka same shi kuma zane ya nuna shi ne, ka jona botin na asali, ka mayar da batir, shikenan an gama.

In babu soket sai a koma wajen kwamfutar birkin kanta, tana manne da famfon ABS a cikin bonet, wannan dunƙulen alminiyon da siraran bututun birki suke shiga. A zanen Toyota ƙafar da botin yake shiga sunanta CSW. Aikinta ba wuya, in aka taɓa ta da jikin ƙarfen mota na ɗan lokaci kwamfuta ta san an danna. Ka zare babban soket ɗin a hankali, yana da hannu da ake ɗagawa ba a fizga, ka ƙirga ramuka yadda zane ya nuna, ka kula sosai ko zanen ta fuskar soket yake kallo ko ta bayan waya don a nan ake yawan juya lissafi. In ramin yana da waya ka bi ta da mita ka ga inda ta ƙare a cikin mota. In babu komai sai a samo fil irin nasa daga tsohon soket, a cire 'yar robar da ta toshe ramin, a zura fil ɗin har ya yi ƙas, da robarsa ta hana ruwa, wannan robar kar a raina ta, mu da muke ratsa ruwa har bamba a watan Yuni in ruwa ya shiga soket ɗin nan famfon gaba ɗaya za ka saya. Daga nan ka ja wayar ta cikin robar da damin wayoyi yake bi ya shiga cikin mota, nesa da salansa da duk abin da yake motsi, ka kai ta ƙafa ɗaya ta botin, ɗaya ƙafar kuma ka ɗaure ta a noti mai tsafta a jikin ƙarfen mota, ka kankare fenti in akwai.

Sai dai ba kowace kwamfuta ce take amsawa ba, wata ramin yana nan amma ba a sa mata umarnin ba a shekarar. Ka gwada kafin ka rufe komai. In ka danna fitilar TRAC OFF ko VSC OFF ta kama, ta ABS ba ta kama ba, ka yi sa'a, ka samu aiki irin na kamfani wanda ba ya barin lambar matsala kuma yana dawowa da kansa. In shiru, ka zare wayarka ka mayar da robar ramin.

Hanya ta biyu sai in ta farko ta ƙi. Ita dabara ce, za a ɗauke wa sensar juyi wuta, kwamfuta ta ga ta daina jin ta sai ta janye VSC da TRAC. Sensar 'yar akwati ce ƙarama da aka ɗaure da noti biyu a ƙasan mota ta ciki, galibi ƙarƙashin konsol na tsakiya ko ƙarƙashin kujerar gaba. Kar ka kwance ta daga mazauninta, kar ka buge ta, soket kawai za ka yi aiki da shi, in ta motsa sai an sake saita ta da sikana. In zane ya nuna a motarka sensar tana cikin kwamfutar iyabag ko cikin famfon ABS, to wannan hanyar ta rufe, ka haƙura.

A yawancin Toyota na wancan zamanin wayoyin da suke da muhimmanci a soket ɗin huɗu ne: mai kawo wuta in an murɗa makulli, ta jikin mota, da wasu biyu da aka murɗe su tare kamar igiya. Waɗannan biyun su ne CAN, ta nan kwamfutocin motar suke magana da juna, in ka yanke su ko ka sa musu makunni kana iya rikita har inji da dashbod, ba ruwanka da su. Ka mayar da batir na ɗan lokaci, ka murɗa makulli ba tare da ka tayar ba, ka auna ta bayan soket ka nemo mai ba da bolt 12, ka kashe makulli ka ga ta koma sifili. Ka duba zane ka tabbatar daga fiyus take zuwa kai tsaye. In 5 ka gani, ko kuma daga cikin kwamfutar birki wutar take fitowa, kar ka ɗora mata rile, tsaya nan. In komai daidai ne ka sake cire batir, ka jira, sannan ka yanke wannan wayar ita kaɗai, ka bar tsawo ta kowane gefe yadda za ka iya mayar da ita wata rana.

Ga haɗin rile ɗin, a nutsu a nan. Ka juya shi za ka ga lambobi a gindin ƙafafun: 30, 85, 86, 87 da 87a. Guntun wayar da yake zuwa daga mota, mai wutar, ya tafi 30. Guntun da yake tafiya sensa ya tafi 87a. Haka yana nufin in ba a taɓa komai ba wuta tana wucewa kamar ba a yanke ba. 85 ta tafi jikin ƙarfen mota. Sai ka haɗa 87 da 86 da 'yar gajeriyar waya. Botin kuma ƙafarsa ɗaya a 30 ɗaya a 86. Fitilar LED ɗin tsakanin 87 da jikin mota. To me zai faru, kana dannawa rile zai ɗauka, wuta ta bar sensa ta koma 87, daga 87 ta zagayo ta riƙe rile ɗin da kanta ko ka saki botin, fitilarka ta kama tana tuna maka. Kana kashe mota wutar ta ɗauke, rile ya saki, in ka sake tayarwa sensa ta samu wutarta VSC ya dawo. Wannan shi ne dalilin da ya sa na ƙi makunni mai maƙalewa, don shi in ka fita daga taɓo a Badagry ka manta da shi haka za ka hau babban titi da gudu 100 babu mai tsaronka, ko madam ta ɗauki motar washegari ta kai yara makaranta ba ta san an kashe komai ba. Ka nemi rile mai dayod ko resista a ciki don kar ya riƙa harba wuta baya in ya saki, in mai dayod ne dole 86 ce mai wuta 85 ta jikin mota, in ka juya zai ƙona fiyus.

Duk mahaɗa a narka mata dalma a zura roba. Murɗa waya da hannu a naɗe da baƙin tef shi ne abin da aka saba a gareji da yawa, amma zafin Legas da laima suna sa tef ya saki cikin 'yan watanni, kuma waya mai rawa a nan tana nufin VSC zai riƙa ɗaukewa yana dawowa kana cikin gudu. Rile ɗin a ɗaure shi sama, ba a kan kafet ba inda ruwa yake kwanciya. Botin kuma a sa shi inda gwiwa ko hannun yaro ba zai danna shi da kuskure ba.

Sai gwaji, kuma kar a tsallake ko ɗaya. Ka mayar da batir ka tayar, fitilun ABS da VSC su kama su mutu cikin 'yan daƙiƙu kamar kullum. Mota tana tsaye ka danna botin ka kalli dashbod. Fitilar VSC da ta santsi su kama, wannan daidai ne. In ta ABS ko jar fitilar birki ta biyo su, to a motarka wannan dabarar tana kashe ABS, kuma hakan yana yawan faruwa a masu jan ƙafa huɗu saboda akwatin nan ɗaya ne yake auna juyi da kuma saurin tsayawa, ABS ɗinsu yana buƙatarsa. In haka ta faru a cire rile a mayar da wayar yadda take da dalma, babu wani ciniki. In ba ta kama ba ka nemi fili mai yashi ko tsakuwa da babu mutane babu okada, ka yi gudu kamar 25 zuwa 30 ka taka birki da ƙarfi, ya kamata ka ji feda tana karkarwa a ƙafarka, alamar ABS yana nan. Ka kashe ka sake tayarwa, fitilun duka su mutu. Daga ƙarshe a sa sikana, za ka iya ganin lamba irin U0123 ta rashin jin sensar juyi a ajiye, wannan daga dannawar ne, a goge. In kuma C1336 ko C1210 ta fito to sensar tana neman saiti, a ajiye motar a wuri mai daidai sitiyari a miƙe a yi mata da sikana.

Wajen amfani da shi, tsayawa ake a danna, ba a cikin tafiya ba. In yashi ne mai zurfi ka rage iskar taya zuwa wajen PSI 20, ka miƙe sitiyari, ka sa giya ta ƙasa, ka ba da wuta a hankali kana ɗan yin gaba da baya, amma ka bari taya ta tsaya cak kafin ka canza daga D zuwa R in ba haka ba giyar ce za ta biya. In ka ga tayar tana haƙa rami kawai cikin motar ya fara zama a ƙasa ka ɗaga ƙafa, nan sai katako ko a ja ka. Kana hawa ƙasa mai ƙarfi ka tsaya ka kashe mota ka sake tayarwa, ka ga dashbod ya yi tsaf, sannan ka nemi mai faci mafi kusa ya mayar maka da iska. In direba ne yake ja maka motar ka zaunar da shi ka nuna masa da hannunka, haka ranar da za ka kai ta gwajin kwamfuta na LACVIS don takardar lafiyar mota ka tabbatar babu fitilar da take kunne, in kuma ka tashi sayarwa ka gaya wa mai saye akwai rile a ƙarƙashin konsol, ko ka cire shi ka haɗe wayar kafin ka miƙa makulli.